Hoton Wayar Hannu da Gyaransa: Inda Fasaha Ta Tsaya da Inda Ƙarya Ta Fara



Ina godiya ga hukumar wannan jami'a da ta ba ni damar tsayawa gabanku a yau. Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne hoton da ake ɗauka da wayar hannu, da kuma manhajojin da ake gyara shi da su har ya zama abin kallo. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan wasan yara ne, bai kai a tara malamai dominsa ba. To, amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma galibin abin da jikokinmu za su gani game da zamaninmu, da kamanninmu da tufafinmu da garuruwanmu, ta cikin waɗannan hotuna za su gan shi. Idan aka gyara su da ilmi da amana, an bar musu gado. Idan kuwa aka jirkita su, an bar musu shaidar zur wadda ba su da hanyar ƙaryata ta. Saboda haka zan kasa maganar kashi huɗu, watau asalin gyaran hoto, da yadda waya take gani, da aikin gyaran kansa, sa'an nan amanar da ke wuyan mai yin sa.

Asalin Gyaran Hoto

Tun kafin a san wani abu wai shi kyamara, Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana yadda haske kan shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, a juye. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama wannan sura ta zauna. Wannan bai samu ba sai wajen 1826, lokacin da wani mutumin Faransa, Nicéphore Niépce, ya bar faranti a bakin tagarsa har sa'o'i takwas ko fiye, ya sami hoton rufin gidaje. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre, daga nan ɗaukar hoto ta zama sana'a.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, ba a cika shekara ashirin da wannan ba sai da gyara ya shigo. Farantan wancan zamani ba su iya kama hasken sama da duhun teku a lokaci guda. Don haka Gustave Le Gray, a wajen 1857, ya riƙa ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa dodon hoto biyu a kan takarda ɗaya. A wannan shekara kuma Oscar Rejlander ya haɗa dodon hoto fiye da 30 ya fitar da hoto guda a Ingila, har Sarauniya Victoria ta sayi kwafinsa. Daga baya Ansel Adams na Amurka, wanda ya ɗauki shahararren hoton fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, ya yi shekaru yana sake wanke wannan hoto, yana tare haske daga wani sashe, yana ƙara wa wani, har samaniyar ta koma baƙa ƙirin. Ashe ke nan gyara ba baƙon abu ba ne da waya ta kawo. Tare da hoto ya tashi.

A nahiyarmu ma haka abin yake. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ara masa rediyo ko agogo ko babur, ya gyara masa zama da ɗaurin kallabi kafin ya danna. J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya soma ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, yawancinsu daga ƙeya, a gaban farin bango, domin ido ya tsaya a kan kitson kaɗai. A 2007 aka ba Malick Sidibé na Mali lambar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Venice. Waɗannan mutane kayan aikinsu ba su kai na wayar ɗalibi ta yau sauƙi ba, amma sun san abin da suke so a gani, sun kuma san abin da suke so a bari.

Sauyin da ya kawo mu inda muke ya faro ne a 1975, sa'ad da Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, ya ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim. Ɗigo 10,000 kacal ke cikin hotonta, fari da baƙi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset. A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, wanda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, aikin ɗakin wankin hoto ya koma cikin kwamfuta. A shekarar 2000 kamfanin Sharp ya soma sayar da waya mai kyamara a Japan, a 2001 wayar salula ta zamani ta shigo Nijeriya, a 2007 iPhone ta fito. Sai manhajoji suka biyo baya: Hipstamatic a 2009, Instagram a 2010, Snapseed a 2011, kana Lightroom na waya a 2014. Abin da a da sai mai ɗaki da magunguna da jar fitila, yau ɗan acaba yana iya yin sa yana jiran fasinja.

Yadda Waya Take Gani

Ba zai yiwu mutum ya gyara abin da bai san yadda aka gina shi ba. A bayan gilashin kyamarar waya akwai ɗan faranti mai jin haske, wanda a yawancin wayoyi bai kai farcen yatsa faɗi ba. An rarraba shi miliyoyin ɗigogi, kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi lamba. Launi uku ake aunawa, ja da kore da shuɗi, kuma a hoto na yau da kullum kowanensu yana da mataki 256 daga duhu zuwa haske. In aka yi 256 sau 256 sau 256 za a sami launuka fiye da miliyan 16. Watau hoton waya jerin lambobi ne, gyara shi kuwa lissafi ne, ana ƙara wa wasu lambobi, ana rage wa wasu.

Daga nan abu biyu suka fito fili. Na farko, farantin ba ya iya ɗaukar tazara mai yawa tsakanin haske da duhu kamar yadda idon mutum yake yi. Wannan matsala tamu ce ta kullum. A ɗauki misalin dattijo baƙi sanye da farar babbar riga, yana tsaye a filin idi da hantsi. In waya ta auna rigar, fuskar sai ta nutse cikin duhu; in ta auna fuskar, rigar sai ta ƙone fari fat, aikin askar da ke ƙirjinta ya ɓace. Inda lamba ta riga ta cika 255, babu manhajar da za ta maido da zaren da ba a kama ba. Abin da ya nutse cikin inuwa kuwa sau da yawa ana iya tono shi. Shi ya sa masana sukan ce a rage haske kaɗan lokacin ɗauka, a ceci fari, daga baya a buɗe inuwa.

Na biyu, wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba in an danna. Takan ɗauki da yawa cikin ƙiftawar ido, wasu da haske, wasu da duhu, ta haɗa su, ta share ƙura, ta kaifafa gefuna, ta ƙara launi, kafin ma mai ita ya duba. Aikin Le Gray ke nan, sai dai yanzu na'ura ke yin sa ba tare da neman izini ba. Saboda haka wanda ke tinƙaho da cewa shi bai taɓa hotonsa ba, ya sani injiniyoyin kamfanin da ya ƙera wayar sun riga sun taɓa masa shi, bisa abin da su suke ganin ya yi kyau.

Aikin Gyara

Ranka ya daɗe, Shugaba, kalmar fasaha a Hausa tana da faɗi. Mukan ce maƙeri ya yi fasaha, mukan ce mawaƙi fasihi ne, mukan kuma kira ƙere-ƙeren zamani da ita. A ganina hoto yakan shiga sahun fasaha ne idan mai shi ya yi zaɓi da gangan, kuma yana iya faɗin dalilin zaɓinsa. Zaɓin nan yana farawa tun kafin a buɗe manhaja, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hasken sassafe da na bayan la'asar yakan zo ta gefe, ya fito da kaushin bangon ƙasa da zanen da magina suka yi a kansa, alhali rana tsaka takan daddanne kome, ta bar ramukan duhu a ƙarƙashin ido. Hazon hunturu kuwa, wanda masu hoto da yawa suke ƙi, yakan tausasa haske, ya jera nesa da kusa hawa-hawa. Goge gilashin kyamara da gefen riga, da matsawa kusa da ƙafa maimakon jawo abu da yatsa, sun fi gyaran sa'a guda amfani.

In an zo gyara, mataki na farko shi ne datse gefuna da miƙe abin da ya karkace. Wannan shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi ƙarfi, gama da shi ake gaya wa mai kallo inda zai sa ido. Hoton marina a Ƙofar Mata, in an bar mota da allon talla da turakun lantarki a ciki, labarin titi ne kawai. In aka datse ya rage hannun marini da bakin karofi da ɗigar baba, ya zama magana a kan sana'a.

Mataki na biyu shi ne haske. A nan ake daidaita hasken hoton gaba ɗaya, a sassauta wuraren da suka yi ƙyalli, a buɗe inuwa, a tsayar da inda baƙi na gaske yake da inda fari na gaske yake. Snapseed da Lightroom duk suna ba da dama a taɓa sashe guda a bar saura, watau a haskaka fuska kaɗan, a dusashe kusurwoyi, kamar dai yadda Adams yake yi da hannunsa da guntun kwali.

Mataki na uku shi ne launi. Fitilar ɗaki takan sa hoto ya yi ruwan ɗorawa, inuwa takan sa ya yi shuɗi-shuɗi, sai a daidaita har farin abu ya koma fari. Bayan wannan ne ake zaɓen ko a ɗumama launi ko a sanyaya shi, ko ma a cire shi ɗungum a koma fari da baƙi, idan sura da inuwa su ne abin nunawa. A nan ne galibin masu koyo suke zarcewa, su cika launi har ciyawa ta yi kama da fenti, su kaifafa hoto har fuska ta yi kama da tsohuwar fata. Garin neman gira sai a rasa ido. Abin da ake kira filta kuwa ba wani abu ba ne illa tarin irin waɗannan gyare-gyare da wani ya riga ya auna ya ɗaure wuri guda. Babu laifi a fara da shi, amma wanda ya tsaya nan ya ari rigar da aka ɗinka wa wani, kuma dubban mutane suna sanye da irinta.

Akwai mataki na huɗu wanda ya bambanta da waɗannan. A 2015 wasu masana uku na Jami'ar Tübingen a Jamus, Leon Gatys da Alexander Ecker da Matthias Bethge, suka nuna yadda kwamfuta za ta raba abin da ke cikin hoto da salon da aka zana shi, ta ɗauki salon wani mai zane ta shafa wa hoton wani. A 2016 manhajar Prisma ta kawo wannan cikin waya. Daga nan aka kai ga ƙirƙirarriyar basira wadda ke share mutum daga hoto, ta cike gurbinsa, ko ta ƙago abin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Wannan ma yana iya zama fasaha, kamar yadda zane da tatsuniya suke fasaha, muddin ba a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Cewa waya tana iya aikin ƙwarai, an daɗe da wuce gardama a kansa. A 2010 Damon Winter na jaridar New York Times ya ɗauki rayuwar sojojin Amurka a Afganistan da iPhone da Hipstamatic, aikin ya zo na uku a wata babbar gasa ta hotunan jarida a 2011. A 2012 Peter DiCampo da Austin Merrill suka kafa Everyday Africa, inda masu hoto ke nuna zaman yau da gobe na Afirka da wayoyinsu, don a ga wani abu ban da yaƙi da yunwa. Fati Abubakar ta Maiduguri kuma, daga 2015, ta yi amfani da Instagram ta nuna wa duniya 'yan makaranta da 'yan kasuwa da bukukuwan Borno a lokacin da ba a jin kome daga can sai labarin tashin bam.

Amanar Mai Gyara

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Amana ta farko ita ce ta gaskiya. Hukumar Stalin ta share Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka tare da shugaban bayan an kashe shi a 1940, kamar bai taɓa rayuwa ba. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta don hoton ya dace da bangonta, ta sha suka mai yawa. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. A 2023 kuma Boris Eldagsen na Jamus ya ƙi karɓar lambar da ya ci a gasar Sony, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton nasa, yana so a yi muhawara a kai. Rejlander ya haɗa talatin an yaba masa, Walski ya haɗa biyu an kore shi. Bambancin yana ga alkawarin da kowannensu ya yi wa mai kallo. Na farkon ya ce ga abin da na tsara, na biyun ya ce ga abin da ya faru. A ƙasar da hoto guda na ƙarya kan iya tayar da fitina tsakanin maƙwabta kafin rana ta faɗi, wannan bambanci batu ne na rai da mutuwa.

Amana ta biyu ita ce ta launin fatarmu. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta nuna a 2009 cewa shekaru da dama masu wankin hoto suna auna launi ne da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, kuma ta ruwaito cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako yana cikin abin da ya sa aka inganta fim wajen nuna launuka masu duhu. Wannan gado ya biyo mu cikin waya. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi gafara domin filtarsa ta ƙara kyau tana haskaka fatar baƙaƙe. Gaskiya ne an sami gyara, domin masu ƙera Tecno sun daidaita kyamararsu da baƙar fata, Google ma ta yi nata yunƙuri a 2021. Duk da haka manhajoji da yawa har yanzu suna fassara kyau da fari da siririn hanci. Yarinyar da ta saba ganin kanta a haka sau ashirin a rana, wata rana madubi zai zame mata abokin gaba, kuma tazarar da ke tsakanin wannan da man bilicin ba ta da yawa. Faransa tun 2017, da Norway tun 2022, sun wajabta a sa alama a hoton talla idan an sauya surar jikin mutum. Mu kuwa ko doka ba ta zo ba, mai gyara yana iya ɗaukar wa kansa ƙa'ida, watau ya haskaka hasken da ya faɗa kan fuska, ya bar wa fuskar launinta.

Amana ta uku ita ce ta mutuncin wanda aka ɗauka. Almajiri da mai talla da mara lafiya ba kayan ado ba ne da za a ɗauka ba izini, a zuba musu launi, a nemi yabo da talaucinsu. A kuma sani cewa hoton waya yakan ɗauki ranar ɗauka, wani lokaci har da wurin, a ɓoye cikinsa, kuma in an aika shi a matsayin fayil wannan bayani yana iya tafiya tare da shi.

Amana ta huɗu ita ce ta adana. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana rage nauyin hoto ne ta zubar da wani ɓangare na bayaninsa, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, ko aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, sai a ƙara zubar da wani. Don haka a ajiye na asali daban, a yi gyara a kan kwafi, a rubuta suna da wuri da shekara. Hoto mai ɗigo miliyan 12 yana isa a buga shi tsaf a takarda mai inci 13 da inci 10. Hotunan Keïta sun kai gare mu ne domin ya adana dodon hotunansa shekara da shekaru, alhali nawa ne daga cikinmu suka rasa hotunan iyayensu ranar da waya ta faɗa ruwa?

Kammalawa

Jama'a, abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa manhaja ta sauƙaƙa aikin hannu, amma ta bar aikin ido da na zuciya inda suke. Ina roƙon sassan koyar da zane da aikin jarida da tarihi na jami'o'inmu su ɗauki hoton waya da muhimmanci, su koyar da gyaransa tare da ladubbansa, ɗakunan karatu kuma su soma tattara na asali daga hannun jama'a tun ba su salwanta ba. Ku kuma ɗalibai, kafin ku saki hoton da kuka gyara, ku tambayi kanku ko za ku iya nuna na asalin kusa da shi ba tare da jin kunya ba, ko kuma wanda ke cikinsa zai gane kansa ya yi murna. In amsar ta zama i, to, ku sake shi.